Madugu Uban Tafiya: Daga Fadamar Rima Zuwa Gwanja

A ƙasashen sanyi irin su Kanada da Nowe, masu yawon buɗe ido kan biya kuɗi mai yawa don wani ya ja su tafiyar kwanaki a kan babur mai gudu bisa ƙanƙara, su ratsa duwatsu su gangara bakin teku. Ba babur ɗin suke saye ba, sanin hanya suke saye. Mu ma a nan fadamar Rima mun taɓa samun masu wannan sana'a, sai dai tasu tafiyar ta neman abinci ce, kuma rai ake sakawa a ciki.

A ƙarni na 19, da damina ta ɗauke, fadama ta fara janye ruwa daga Argungu zuwa Zauro da Birnin Kabi, fatake kan fara ɗaure kaya. Babbar mahaɗarsu a wannan yanki ita ce kasuwar Jega. Can ake labta wa jakuna da takarkarai kanwa, turkuɗi, jemammun fatu da gabu. Kada mu ɓoye, har da bayi a cikin hajar. Inda aka dosa shi ne Salga, a ƙasar Gwanja, arewacin Gana ta yau, inda goron kurmin Asante yake fitowa.

Hanyar ba ta wasa ba ce. Ayari zai ƙetare Kwara a mafitai irin su Illo ko Yawuri, ya shiga Bargu, inda 'yan fashi suka yi suna. Daga Jugu, a arewacin Benin ta yau, masu bin ta yamma sai su ratsa duwatsun Atakora zuwa Sansanin Mango, sannan Yandi, sannan Salga. Zuwa da dawowa kan cinye watanni. A 1826 Bature Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu.

Wa zai riƙe mutum dubu a daji? Madugu. Shi ya san zangon da ke da ruwa, da sarkin da ake biya fito, da wanda ake kauce wa. Jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana tara kuɗin da za a biya a mashigai, malamin ayari yana zaɓen ranar tashi. A gida ma sai da madugu ya iya siyasa, domin tun da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa a 1849, yaƙi tsakanin Argungu da Gwandu ya sa hanyar da aka bi bara ba lalle ta biyu bana ba. A dawowa kuma ga goro, kaya mai rai: sai an riƙa kwance shi ana yayyafa ruwa ana tsince mai ƙwari, in ba haka ba uwar kuɗi ta ruɓe a bayan jaki.

Abin da ya kashe sana'ar ba 'yan fashi ba ne. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salga ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya watse garin, fatake suka bazu zuwa Karaci, wasu har Ankara da Lome a bakin teku. Daga nan goro ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Jirgin ƙasa ba ya bukatar jagaba.

Kaɗan daga wannan ilimi ya tsira a rubuce. Alhaji Umaru, Bakabe ta wajen asali, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Karaci a 1934, ya bar rubutun ajami a kan Kabi da fatauci. Sauran ya tafi da masu shi, domin a ka suke riƙe da shi.

Har yau akwai unguwannin Zango daga Kumasi zuwa Ankara, ana jin Hausa a cikinsu, kuma a garuruwanmu akwai gidajen da ake ce wa gidan Madugu. In da tsoho ko tsohuwa a irin wannan gida, mu je mu gaishe su, mu tambayi sunayen zangunan da kakansu ya kwana. Wayar da muke karanta wannan da ita tana ɗaukar murya.