Taron Ramsar kan Dausayi: Zaman Masana, Tarukan Gefe da Matandar Duwala

Dausayi shi ne ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta ko yake jiƙa ta, kamar fadama da tafki. Na bakin teku kuwa yana inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, irin mashigar kogin Wuri da garinmu Duwala ke zaune a gaɓarta. A nan ne itacen da 'yan ƙasa ke kira matanda yake tsirowa. Saiwoyinsa suna riƙe laka, suna karya ƙarfin igiyar ruwa, kuma a cikinsu ƙananan kifi da jatan lande ke girma.

Asalin taron

An ƙulla yarjejeniyar kare dausayi ranar 2 ga Fabrairu 1971 a garin Ramsar na ƙasar Iran, Kamaru kuma ta shiga a 2006. Ƙasashen da ke ciki sukan yi babban taro duk bayan shekara 3. A Afirka an yi shi a Kamfala ta Uganda a 2005, sannan a Zimbabuwe a watan Yulin 2025.

Yadda zaman yake

Taron kashi uku ne. Na farko babban zaure, inda wakilan gwamnatoci ke zartar da ƙudurori. Na biyu aikin kwamitin masana da aka kafa a 1993, wanda ke tattara bincike ya miƙa shawara. Rahoton da aka fitar a 2018 ya nuna cewa duniya ta yi asarar kusan kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015.

Na uku su ne tarukan gefe, waɗanda ake yi a ƙananan ɗakuna lokacin hutun rana ko da yamma. A nan malaman jami'a da ƙungiyoyi da matasa ke gabatar da abin da suka gano, a baje hotuna da taswirori, a kai baƙi su ga dausayi da idonsu. Ba a yanke hukunci a waɗannan ɗakuna, amma a cikinsu ake dafa maganar kafin a kai ta zaure, kuma a nan mai aiki ke haɗuwa da mai ba da tallafi. Maganar matanda ta samu babban gurbi a taron 2022, har aka amince da kafa cibiyarta ta duniya a birnin Shenzhen na ƙasar Sin.

Abin da ya shafe mu

An sanya mashigar Rio del Rey cikin jerin Ramsar a 2010, yankin Duwala-Edeya kuma ya zama gandun ƙasa a 2018. Duk da haka saran matanda bai tsaya ba. Da itacenta ake bandar kifi a Manoka da Muwanko, kifin da ke isowa Yupwe har ya shiga tukunyarmu a New Bell. Idan aka hana sara kwata-kwata, an cire wa masu banda abinci daga baki. Idan aka bari, kifin kansa zai ragu. Shi ya sa masana suka fi ƙarfafa murhun banda mai cin itace kaɗan, tare da sake dashe.

Sai kuma ambaliya. Duk dausayin da aka cike da ƙasa aka yi gini a kai, ruwan Yuli da Agusta zai nemi wata hanya, sau da yawa ta cikin ɗakunanmu, musamman in leda ta toshe magudana.

Ga ɗalibanmu, ranar 2 ga Fabrairu ita ce ranar dausayi ta duniya, 26 ga Yuli kuma ranar matanda. Mu nemi laccocin da ake shiryawa a ranakun, mu kai tambayoyin unguwanninmu. Mai son zurfafa karatu, Jami'ar Duwala tana da cibiyar ilimin kifi da ruwa a Yabasi. Allah Ya sa mu dace.