Ajin Intanet Na Jami'ar NOUN: Yadda Yake Aiki Da Yadda Ake Shirya Malamansa

Duk wanda ke zaune a Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan ko Fatakwal ya san yadda neman abinci ke cinye yini. Matashi ya gama sakandare, ya shiga canji ko tireda ko harkar gwari a Mile 12, yana son digiri amma ba halin ya rufe shago shekara huɗu. Irin waɗannan ne aka kafa wa Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, mai hedikwata a unguwar Jabi da ke Abuja. A wannan jami'a ajin yana cikin waya ko kwamfuta. Saboda haka duk gyaran da aka yi wa dandalinta na intanet, da duk horon da aka ba malamanta, kai tsaye yake taɓa ɗalibi.

Taƙaitaccen tarihi

Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta kafa jami'ar a 1983, bisa tsari irin na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila da aka kafa a 1969. Ba ta yi nisa ba gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a 1984. Haka ta zauna har Shugaba Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, Farfesa Olugbemiro Jegede ya zama shugabanta. Shi kansa Obasanjo daga baya ya zama ɗalibinta, har ya yi digirin digirgir a fannin ilimin addinin Kirista.

Da farko hedikwatar tana Victoria Island a Legas. A 2016 ta koma Abuja, a shekarar da Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan Kano daga Jami'ar Bayero, ya karɓi shugabanci. A zamaninsa ne jami'ar ta karɓe tafiyar da shafin rajistar ɗalibai daga hannun kamfanonin haya, ta danƙa wa ma'aikatanta. Farfesa Olufemi Peters ya gaje shi a 2021.

Mene ne dandalin karatu?

Abu biyu ne mutane kan haɗa. Akwai shafin rajista, inda ake neman gurbi, a biya kuɗi, a yi rajistar kwasa-kwasai, a duba sakamako. Akwai kuma dandalin karatu, wato ajin kansa. Nan ne ɗalibi ke samun darasi da bidiyo da zauren tattaunawa da ayyukan gwaji.

Dandalin NOUN an gina shi ne a kan manhajar Moodle, wadda wani ɗan Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ya fara fitarwa a 2002. Manhajar kyauta ce, kowace makaranta na iya ɗauka ta gyara yadda ya dace da ita. Amma kyautar iya manhaja ta tsaya. Manyan kwamfutocin da za su ɗauki dubban ɗalibai a lokaci guda, da wutar lantarki, da ƙwararrun da za su kula da su dare da rana, duk kuɗi ne.

Me ake nufi da sabunta dandali?

Manhaja kamar mota take, idan ba a kai ta gareji sai ta tsaya a hanya. Masu Moodle kan fitar da sabon zubi a kai a kai, su daina kula da tsoho. Wanda ya fito a 2022, mai lamba 4.0, ya sauya fuskar shafin sosai don a samu sauƙin gano inda abu yake. Jami'ar da ta tsaya a kan tsohon zubi ta bar ƙofa ce a buɗe ga masu kutse, kuma a irin wannan wuri makin ɗalibai ne ke cikin haɗari.

Sabuntawa takan haɗa da abu uku: ƙara ƙarfin dandali don kada ya ƙi buɗewa ranar da kowa ke rububin miƙa aiki, gyara shi ya zauna daidai a fuskar waya tunda yawancin ɗalibai da ita suke karatu, sai kuma kwashe tsofaffin darussa da maki zuwa sabon wuri ba tare da wani abu ya salwanta ba. Wannan na ukun shi ne mai wuya, shi ya sa aka fi yin aikin a tsakanin zango da zango.

Shirya malamai

To, ga inda gizo ke saƙar. Ko an kawo dandali mafi kyau a duniya, idan malami bai iya shi ba, ɗaki ne mai kyau ba kowa a ciki. Malamin da ya shekara ashirin yana rubutu a allo yana karantar fuskokin ɗalibai, yanzu zai yi magana ne da kyamara, ɗalibinsa ɗaya yana Onitsha, ɗaya yana Sakkwato.

A tsarin NOUN malami jagora ne, ba mai zuba lacca kawai ba. Ɗalibi ke karanta littafin kwas da kansa, malami ya warware inda ya cije. A kwasa-kwasai da dama tsarin shi ne haɗuwa kai tsaye ta bidiyo awa ɗaya a mako har mako 8, sannan a ɗora bidiyon don wanda bai samu halarta ba. Don haka horon malami ya ƙunshi yadda zai yanka darasi gajeru-gajeru, yadda zai jagoranci aji a Zoom, yadda zai tsara tambayoyin da kwamfuta za ta yi wa maki, da yadda zai amsa tambayar ɗalibi kafin ta kwana biyu.

Jami'ar tana da cibiyoyi biyu da suka shafi wannan fanni. Akwai RETRIDOL, wadda aka kafa a 2003 tare da hukumar ilimi ta ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, don horar da ma'aikatan karatu daga nesa a Afirka ta Yamma. Akwai kuma ACETEL, cibiyar ƙwarewa kan koyarwa ta hanyar fasaha, wadda ta samu tallafin Bankin Duniya. Amfanin wannan shiri ya fito fili a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris. Jami'o'i da yawa a lokacin suka fara lalube, ita kuwa NOUN dama can hanyarta ke nan.

Abin da ɗalibi ya kamata ya sani

Ba a buƙatar jarrabawar JAMB kafin shiga, amma sai da kiredit 5 a sakamakon sakandare, har da Turanci da Lissafi. Littattafan kwasa-kwasai suna shafin jami'ar, kowa na iya saukewa kyauta. Ayyukan gwaji da ake kira TMA suna ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawar ƙarshen zango kuma maki 70, ita kuwa a cibiyar karatu ake zama a rubuta ta. Jami'ar na da cibiyoyi sama da 100 a faɗin ƙasa, har da Legas, Ibadan, Benin, Inugu da Fatakwal, ka ga ba sai an je Abuja ba.

Idan aka sanar da sabunta dandali, ka shiga da wuri ka tabbatar duk kwasa-kwasanka sun bayyana. Ka sauke littattafai da bidiyo lokacin da data ke da araha. Kada ka bar TMA sai ranar ƙarshe. Kada kuma ka ba mai shagon intanet lambar sirrinka don ya yi maka aiki, domin ranar jarrabawa ba zai zauna a kujerarka ba. In kuwa kwas ya ɓace ko maki bai fito ba, ka ɗauki hoton shafin, ka kai ƙorafi cibiyarka tun zango bai ƙare ba.