Laburaren da ya koma gidan tarihi, daga baya ya koma shagon waya

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Tunda jarrabawa ta ƙarato kowa ya koma ɗan laburare na dole, bari in ba ku labarin wani laburare da ke Washinton, babban birnin Amurka. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri, amma akwai inda ya taɓo mu.

Wanda ya ba da kuɗin gina shi sunansa Andrew Carnegie. Ɗan masaƙi ne, an haife shi a Sikotilan a 1835, talauci ya koro iyayensa zuwa Amurka a 1848. Yana ɗan shekara 13 ya fara aiki a masaƙa, ana biyansa dala 1 da santi 20 a mako. Boko kam bai yi nisa ba. Abin da ya taimake shi, wani mutum mai suna Kanar James Anderson ya buɗe wa yara ma'aikata ɗakin littattafansa, kimanin littafi 400, duk Asabar yaro ya zo ya ari ɗaya. Yaron nan ne ya girma ya zama sarkin ƙarfe na Amurka, har ya sayar da kamfaninsa a 1901 kan dala miliyan 480. Da kuɗinsa aka gina laburare 2,509 a duniya, 1,689 daga ciki a Amurka.

Kada a ɗauka waliyyi ne fa. A masana'antarsa ta Homestead an yi yajin aiki a 1892 da ya ƙare da harbe-harbe da asarar rayuka. Leburorin ƙarfe a lokacin awa 12 suke yi a gaban wuta, shi ya sa wasunsu suka riƙa tambaya: yaushe mutum zai samu sukunin karanta littafin? A ƙara mana albashi mana. Akwai garuruwan da suka ce ba sa son kuɗinsa sam.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharaɗinsa. Gini kawai yake bayarwa. Gari ne zai kawo fili, kuma hukumar garin ta sa hannu cewa duk shekara za ta kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin wajen sayen littattafai, biyan ma'aikata da gyare-gyare, sannan shiga kyauta ce. In ba ku yarda ba, ko bulo ɗaya ba zai aza ba. Mutumin ɗan kasuwa ne, ya san yanka zare a buɗe gini ba wuya, abin da ke biyo baya ne aiki.

Na Washinton an buɗe shi a watan Janairun 1903 a dandalin Mount Vernon, shugaban ƙasa Theodore Roosevelt da shi Carnegie duk suna wurin. Farin dutse ne ginin, a jikin kujerun dutsen da ke gabansa kuma an sassaƙa kalmomin da ke kiransa jami'ar jama'a. Ku tuna wane zamani ne wannan. A birnin makarantun baƙaƙe daban, na farare daban, gidajen abinci da yawa ba sa karɓar baƙar fata. Amma wannan laburaren tun ranar farko kowa shiga yake, a zauna teburi ɗaya. Ba haka abin yake ko'ina ba: laburaren Carnegie da aka buɗe a Atlanta a 1902 ya hana baƙaƙe shiga, har malamin nan W.E.B. Du Bois ya je ya yi ƙorafi, bai yi nasara ba. Mu da muka san yadda ake ji in ka shiga wuri da hula ko hijabi idanu suka yo kanka, ba sai an yi mana dogon bayanin darajar irin wannan ƙofa ba.

Kusan shekara 70 yana aiki, har littattafai da masu karatu suka fi ƙarfinsa. A 1972 aka buɗe sabon babban laburare mai sunan Martin Luther King, tsohon kuma ya shiga hannu daban-daban, wata jami'ar birnin ma ta riƙe shi na wani lokaci. A 1999 aka ba ƙungiyar tarihin birnin hayarsa ta shekara 99, a kan dala 1 duk shekara. Suka tara miliyoyi suka gyara, a 2003 suka buɗe gidan tarihin birnin Washinton a ciki: taswirori, hotuna, labarin unguwanni da mutanensu.

Shekara ɗaya da rabi kacal ya yi, a ƙarshen 2004 aka rufe. Masu ziyara ba su zo yadda aka yi tsammani ba, kuɗin tafiyarwa ya gagara. Ga kuma manyan gidajen tarihin Smithsonian nan kusa, shiga kyauta. Ni a ganina akwai wani dalilin ma. Laburare buƙata ce ke kawo ka, gobe ma sai ka dawo, don littafin bai ƙare ba. Gidan tarihi kuwa in ka zagaya sau ɗaya ka ɗauki hoto, sai ranar da ka yi baƙo. Ginin da ya rayu shekara 70 da alƙawarin kashi 10, da aka bar shi ya dogara da 'yan kallo ko shekara biyu bai kai ba.

Yau in ka je, shagon Apple ne a ƙasa, tun 2019. Kamfanin ya kashe kuɗi ya gyara ginin tsaf, cibiyar tarihin birnin da ɗakin bincikenta kuma suna bene. Wasu sun ce an ceci gini, wasu sun ce an mai da jami'ar jama'a kasuwa. Ni dai ina ganin gara haka da jemagu su gaje shi, sai dai yaron da ke samun dala 1 da santi 20 a mako ba shi da abin yi a wurin teburan ƙasa.

To ina ruwanmu? Kuɗin Carnegie sun iso ƙasar nan. Da tallafin gidauniyarsa aka buɗe wani laburare a Legas a 1932, amma na biyan kuɗin rajista, don haka galibin masu shigarsa Turawa ne da 'yan tsirarun masu hali. Ka ga an karɓi kuɗin, an ajiye sharaɗin kyauta a gefe. Haka kuma da tallafin gidauniyar aka kafa makarantar koyon aikin laburare a jami'ar Ibadan wajen 1960. Can gida kuwa, tun zamanin En'e akwai ɗakunan karatu a garuruwa, inda ake zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo.

A garinmu akwai laburaren gwamnati, ba zan kama suna ba. Fenti sabo, allon buɗewa da sunan wanda ya yanka zare, a ciki kuma littafin da ya fi sabunta ya girme ni. Maigadi ne da makulli, shi ma sai an aika a kira shi. Idan aka yi hutu kuka koma gida, don Allah kowa ya leƙa na garinsu ya tambayi ma'aikacin wace shekara aka kawo musu littafi na ƙarshe, kuma nawa aka ware musu a kasafin bana. Ku turo min amsar da sunan garin, ina so mu haɗa su wuri ɗaya kafin taron ƙungiya na zangon gaba.