Tarihin Rarrabe Dangin Ɓera a Arewacin Ƙasar Kano

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda aka rarrabe ƙananan dabbobin da ke zaune tare da manomi a ƙasar Bici da kewayenta, inda gona ke manne da gona, rumbu kuwa shi ne asusun gida. Za mu nuna cewa rabon iri biyu ne, wato na manomi da na masana ilmin halittu, kuma kowanne da ma'auninsa.

Rabon Bahaushe

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya raɗa wa waɗannan dabbobi sunaye: ɓera ko kusu, gafiya, kurege, gyazbi, beguwa, jaɓa da bushiya. Ma'auninsa shi ne kama da ɗabi'a da irin ɓarnar da kowanne ke yi. Kurege na tone gyaɗa, ɓera na huda rumbu, gafiya kuwa na cika kumatunta da hatsi, abin da ya haifar da karin maganar nan, gafiya tsira da na bakinki.

Rabon Masana

A shekarar 1821 ne Thomas Bowdich, Baturen Ingila da ya ziyarci Kumasi a 1817, ya sa wa wannan rukuni sunan Rodentia, wato masu gaigaya. Alamarsu ita ce haƙoran gaba, biyu a sama biyu a ƙasa, waɗanda ba sa daina girma. Bisa wannan ma'auni kurege da beguwa dangin ɓera ne. Jaɓa da bushiya kuwa ba sa ciki, domin maciya ƙwari ne, duk da cewa jaɓa ta yi kama da ɓera, bushiya kuma da beguwa. Zomo ma an fitar da shi a 1912, saboda haƙoransa na sama huɗu ne.

Ƙasar Kano ta shiga wannan tarihi a ƙarshen 1919, lokacin da Angus Buchanan ya yada zango a Fanisau, arewa da birni, kan hanyarsa ta zuwa Azbin. Dabbobin da ya kama a gonakin wurin an kai su Landan, inda Oldfield Thomas da Martin Hinton suka bayyana sababbin nau'o'i a 1920. Daga cikinsu akwai Gerbillus nigeriae da wani ɗan ƙaramin kusu da ake kira Mus haussa. Fanisau da Bici kuwa shimfiɗar noma ɗaya ce.

Asali da Zuriya

Burbushin ƙasusuwa ya nuna cewa wannan dangi ya bayyana kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce, kuma nau'o'insa sun haura 2,000. Da aka koma ga binciken ƙwayoyin gado, sai aka ga kama ba ta tabbatar da zumunci. Alal misali gafiya, wadda Waterhouse ya bayyana a 1840 daga Gambiya, ta fi kusa da ɓerayen tsibirin Madagaska a kan ɓeran gida. Haka nan gyazbi da beguwa reshensu ɗaya da wasu masu gaigaya na Kudancin Amurka.

Amfanin Rarrabewa

Kada a ɗauka wannan aiki gardamar malamai ce kawai. An gano zazzaɓin Lassa a 1969, aka kuma tabbatar a farkon shekarun 1970 cewa ɓeran Mastomys natalensis, mai yawan nonuwa da yawan haihuwa, shi ke ɗauke da cutar. Wannan ɓera yana da 'yan'uwa da ido ba ya iya bambanta su da shi, sai an duba ƙwayoyin gadonsu. A bakin manomi dukkansu ɓera ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa manomi ya san ɗabi'a, masani kuma ya san zuriya. Shawararmu ita ce a tattara sunayen da manoman ƙasar Bici ke amfani da su, a gwama kowanne da nau'in da masana suka tabbatar, domin malamin gona da malamin tsafta su yi wa jama'a bayani da sunan da suka sani.