BABI NA UKU: TARIHIN YUNƘURIN RABUWA DA NIKOTIN, DAGA TABA SIGARI ZUWA SIGARIN LANTARKI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda taba ta fito daga nahiyar Amurka ta bazu cikin duniya. A wannan babi kuwa za a bi diddigin ƙoƙarin da aka yi ta yi domin raba mashaya da ita. Za a dubi yadda masana suka gano cewa sinadarin nikotin ne ke ɗaure mai shan taba, da irin magungunan da aka samar domin sauƙaƙa wahalar bari, da kuma yadda sigarin lantarki, wanda aka ƙirƙira domin a taimaki mutane su bar taba, ya koma shi kansa abin da ake neman hanyar rabuwa da shi. A cikin wannan babi za a riƙa kiran wahalar da jiki ke shiga idan aka yanke masa nikotin da suna "ciwon yaye", saboda kamarta da halin da yaro ke shiga idan aka cire shi daga nono.

3.1 Zamanin Hani da Horo

Tun farkon shigar taba ƙasashen Turai da na Musulmi aka sami masu ƙyamarta. A shekarar 1604 Sarki James na Ɗaya na Ingila ya rubuta wata ƙasida ta sukar shan taba, ya kuma tsananta harajinta. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya kuwa, Sarki Murad na Huɗu ya haramta ta a shekarar 1633, har ya yanke hukuncin kisa ga wanda aka kama yana sha. Duk da haka mutane ba su bari ba. Abin lura a nan shi ne, masu mulki na wancan zamani sun ɗauki shan taba a matsayin mugun hali kawai, wanda tsoro zai iya kawarwa. Ba su san cewa akwai wani abu a cikin ganyen da ke sa jiki ya riƙa neman sa kamar yadda yake neman abinci ba.

Sai a shekarar 1828 ne wasu Jamusawa biyu, Posselt da Reimann, suka tace wannan sinadari daga ganyen taba. An sa masa suna nikotin ne daga sunan Jean Nicot, jakadan Faransa a ƙasar Fotugal, wanda ya aika da taba fadar Faransa wajen shekarar 1560. Amma an fi shekara ɗari bayan haka ana kallon nikotin a matsayin guba ta kashe ƙwari a gona, ba a danganta shi da kasa barin taba ba.

3.2 Gano Matsayin Nikotin

A shekarar 1942 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Lennox Johnston ya yi wa kansa da wasu mutane allurar nikotin. Ya lura cewa masu shan taba sun ji daɗin allurar, kuma ta kashe musu ƙishin sigari na wani lokaci. Daga nan ya yi hasashen cewa shan taba hanya ce kawai ta kai nikotin cikin jiki. Ba a kula da wannan bincike sosai ba a lokacin.

Hankalin duniya ya fi karkata ga hayaƙi. A shekarar 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna dangantakar shan sigari da kansar huhu, sannan a shekarar 1964 Babban Likitan Gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. Sai dai wannan rahoto ya kira shan taba "sabo", bai yarda cewa jaraba ce irin ta miyagun ƙwayoyi ba. Wannan bambanci ya yi tasiri ƙwarai, domin muddin sabo ne kawai, to wanda ya kasa bari laifinsa ne, shi ne mai raunin zuciya.

An ɗauki shekaru kafin a gyara wannan fahimta. A shekarar 1976 Michael Russell, wani likitan ƙwaƙwalwa a Landan, ya bayyana cewa nikotin ne mutane ke nema a cikin sigari, amma kwaltar da ke cikin hayaƙin ce ke kashe su. A shekarar 1978 Karl Fagerström na ƙasar Suwidin ya tsara tambayoyi na auna zurfin jarabar mutum, waɗanda mafi muhimmanci a cikinsu ita ce: minti nawa mutum ke yi bayan ya farka daga barci kafin ya kunna sigari? A shekarar 1980 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon yayen taba cikin kundinta na cututtuka. Daga ƙarshe, a shekarar 1988, Babban Likitan Amurka C. Everett Koop ya fitar da rahoton da ya ce nikotin na kama mutum ta hanyar da ta yi kama da ta hodar iblis da tabar hiroyin.

Kamfanonin taba sun yi ta musun wannan magana. A watan Afrilu na shekarar 1994 shugabannin manyan kamfanoni bakwai suka yi rantsuwa a gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilan Amurka, suka ce ba su yarda nikotin na sa jaraba ba. Ba da daɗewa ba aka bankaɗo takardun sirri na kamfanin Brown & Williamson, inda aka ga cewa tun shekarar 1963 babban lauyan kamfanin ya rubuta cewa nikotin na sa jaraba, kuma shi ne hajar da suke sayarwa. Ashe dai biri ya yi kama da mutum.

3.3 Yadda Ciwon Yaye Yake

Kafin a ci gaba, ya kamata a bayyana abin da binciken waɗancan shekaru ya gano. Idan mutum ya zuƙi sigari, nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. A can yake sa a saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke kawo jin daɗi da natsuwa. Idan aka daɗe ana yi, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yawan kafofin da ke karɓar nikotin, ta kuma saba da aiki tare da shi. Matsalar ita ce, cikin kimanin awa 2 rabin nikotin da ke cikin jini ya fice. Wannan ne ya sa mashayi ke komawa a kai a kai, kuma sigarin safe ya fi kowanne daraja a wurinsa.

Idan aka yanke nikotin gaba ɗaya, alamomin yaye kan fara cikin yinin farko. Sun haɗa da saurin fushi, da fargaba, da kasa tattara hankali, da rashin sukuni, da ƙuncin zuciya, da rashin barci, da yawan jin yunwa. Sukan kai ƙololuwa a rana ta 2 ko ta 3, sannan su riƙa raguwa cikin mako 2 zuwa 4. Ƙishin kansa yakan zo ne ya yi 'yan mintoci ya wuce, amma yakan dawo bayan watanni idan mutum ya haɗu da abin da ya saba haɗawa da shan taba, kamar shayi, ko gama cin abinci, ko zaman majalisa. Wannan hali ba baƙo ba ne ga mai shan taba da ke azumin Ramadan, wanda kan fi kowa zafin rai da la'asar. Bincike ya nuna cewa daga cikin masu ƙoƙarin bari ba tare da wani taimako ba, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ne kawai ke ɗorewa har wata 6 zuwa shekara guda.

3.4 Samuwar Magungunan Bari

Da aka fahimci haka, sai dabara ta koma ga ba jiki nikotin ba tare da hayaƙi ba, sannan a riƙa rage shi sannu a hankali. Asalin wannan dabara daga Suwidin yake. A shekarar 1967 wani likita, Claes Lundgren, ya lura cewa sojojin jiragen ƙarƙashin ruwa, waɗanda aka hana kunna sigari a cikin jirgi, sukan koma ga tabar baki. Ya ba da shawara ga Ove Fernö na kamfanin magunguna na Leo, shi kuwa ya haɗa cingam mai nikotin. An fara sayar da shi da sunan Nicorette a ƙasar Suwizalan a shekarar 1978, Amurka kuma ta amince da shi a shekarar 1984. Filastar nikotin da ake mannawa a fata ta biyo baya a shekarar 1991.

Bayan waɗannan sai aka sami magungunan da babu nikotin a cikinsu. An amince da bupropion a Amurka a shekarar 1997, bayan an lura cewa masu shan sa domin ciwon damuwa sukan rage sha'awar sigari. A shekarar 2006 aka fito da varenicline, wanda ke zama a kan kafofin nikotin na ƙwaƙwalwa, ya rage ƙishi, ya kuma rage daɗin sigari idan an sha. An ƙera shi ne bisa tsarin wani tsohon magani na tsiro mai suna cytisine, wanda ake sayarwa a Bulgeriya tun shekarar 1964.

Haka kuma gwamnatoci sun shigo ciki. Yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka amince da ita a shekarar 2003 ta fara aiki a 2005, ta wajabta wa ƙasashe a sashe na 14 su taimaki masu son bari. Nijeriya ta rattaba mata hannu, ta kuma kafa Dokar Kula da Taba ta Ƙasa a shekarar 2015.

3.5 Sigarin Lantarki: Magani ya Zama Cuta

Tun shekarar 1963 wani Ba'amurke, Herbert Gilbert, ya nemi rajistar sigari marar hayaƙi, amma bai shiga kasuwa ba. Wanda ake sha a yau ya samo asali ne daga Hon Lik, wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, a shekarar 2003. Shi kansa mashayi ne, kuma kansar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa. Na'urar tasa tana mayar da ruwa mai nikotin ya zama tururi, ba tare da an ƙona ganye ba. An fara sayar da ita a Sin a shekarar 2004.

Ga tsofaffin mashaya na'urar ta yi amfani. A wani gwaji da Peter Hajek ya jagoranta a Ingila, wanda aka buga a shekarar 2019, an raba mutum 886 gida biyu. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun bar taba, a yayin da kashi 9.9 suka bari daga cikin waɗanda aka ba cingam da filasta da makamantansu. Amma akwai lauje cikin naɗi. Daga cikin waɗanda suka bar taba ta hanyar na'urar, kashi 80 cikin ɗari suna nan suna zuƙar ta bayan shekarar. Wato sun rabu da hayaƙi, ba su rabu da nikotin ba.

Babbar matsalar ta bayyana ne ga matasan da ba su taɓa shan taba ba. A shekarar 2015 aka fito da Juul a Amurka, wanda ya yi amfani da gishirin nikotin. Shi wannan ba ya kartar maƙogwaro, don haka ana iya zuba shi da yawa. Ƙaramin kwanso guda na ɗauke da nikotin da ya kai na kwalin sigari mai kara 20. Bugu da ƙari, an haɗa shi da ƙamshin mangwaro da na na'ana'a. A watan Disamba na 2018 Babban Likitan Amurka ya ayyana abin a matsayin annoba a tsakanin matasa, kuma a shekarar 2019 kashi 27.5 cikin ɗari na ɗaliban manyan azuzuwan sakandare suna sha. A wannan shekara ce kuma aka sami ɓarkewar wani ciwon huhu da ya kwantar da mutum 2,807, ya kashe 68, ko da yake an gano yawanci daga ruwan wiwi na bayan fage ne da aka gauraya da wani mai. Indiya ta haramta na'urar a 2019, Birtaniya kuma ta hana sayar da irin wadda ake sha a yar daga 1 ga Yuni, 2025.

3.6 Yunƙurin Barin Sigarin Lantarki

Barin wannan na'ura na da wahala ta daban. Karan sigari yana ƙarewa, yana wari, yana kuma tilasta wa mutum fita waje. Ita kuwa na'urar ana zuƙar ta a kan gado, da cikin aji, da cikin mota, tun safe har dare, mai ita bai ma san yawan abin da ya sha ba. Alamomin yayen kuwa su ne dai na mai barin taba.

Masana sun koma ga tsofaffin hanyoyi suna gwada su. A shekarar 2019 ƙungiyar Truth Initiative ta Amurka ta fara aika wa matasa saƙonnin waya na ƙarfafa gwiwa. Gwajin da aka buga a 2021 ya nuna kashi 24 cikin ɗari na masu karɓar saƙon sun bari, idan aka kwatanta da kusan kashi 19 na waɗanda ba su karɓa ba. A shekarar 2025 wani gwaji a birnin Boston a kan matasa masu shekara 16 zuwa 25 ya nuna cewa kashi 51 na waɗanda aka ba varenicline tare da nasiha sun bari a ƙarshen mako 12, a yayin da kashi 14 suka bari daga waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Sauran dabarun da ake bayarwa su ne tsayar da ranar bari, da zubar da na'urar da kayanta, da rage ƙarfin ruwan mataki-mataki, da amfani da filasta tare da cingam, da jinkirta amsa ƙishi har ya wuce. Ana kuma gargaɗin wanda ya baro taba kada wahalar yaye ta mayar da shi gare ta, domin ita ce mafi illa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa horo da barazana ba su raba mutane da taba ba, kuma an jima ana ɗora wa mashayi laifin abin da yake aikin sinadari ne a cikin ƙwaƙwalwarsa. An ga yadda cingam da filasta suka raba nikotin da hayaƙi da niyyar a yaye mutum, alhali sigarin lantarki ya raba su ba tare da ya tanadi ranar yaye ba. Saboda haka wanda ya kasa bari a karon farko bai kamata a yanke masa ƙauna ba, domin yawancin waɗanda suka yi nasara sun sha faɗuwa kafin su tsaya. A babi na gaba za a dubi matsayin dokoki da haraji wajen rage shan taba.