Tarihin Duba Fata don Gano Sankara da Wuri

Al'adar mutum ya tsaya gaban madubi yana bincikar fatarsa don gano sankara ba ta daɗe ba, kuma a ƙasashen fararen fata ta samo asali. A 1956 Henry Lancaster, masanin ƙididdiga a birnin Sidni, ya nuna cewa melanoma, mafi muni cikin sankarar fata, ta fi kashe Turawan da ke zaune inda rana ta fi ƙarfi. A 1981 aka fara gangami a Ostireliya na sa riga da shafa man kariya da ɗora hula. Sai a 1985 likitoci uku na Jami'ar New York, Friedman da Rigel da Kopf, suka tsara alamomi huɗu da kowa zai iya dubawa a jikin tawadar Allah: rabinta bai yi kama da ɗaya rabin ba, gefenta ya karkace, launinta ya gauraya, faɗinta ya wuce milimita 6. A 2004 aka ƙara ta biyar, wato tabon ya riƙa sauyawa. Da haka aikin da yake na likita kaɗai ya shiga hannun mai jiki.

Masu suka suna cewa yawan dube-dube na jawo fargaba da yanke tabon da ba shi da illa. Akwai gaskiya a nan, amma melanomar da aka cire tun tana sama-sama galibi ana warkewa, wadda ta nutse kuwa maganinta sai an sha wuya. Wasu kuma suna cewa ciwon Turawa ne. Lallai ya fi yawa a cikinsu, sai dai mawaƙi Bob Marley, wanda ya rasu a 1981 yana da shekara 36, a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa cutar ta fara.

Gurbin da wannan tarihi ya bari ke nan: an gina ƙa'idar alamomin a kan fatar da rana ke ƙonawa. Mai baƙar fata kuwa tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce zai fi dubawa, da gyambon da ya ƙi warkewa, da tsohon tabon ƙuna da ya sake buɗewa. Zabiya shi ne rana ta fi yi wa illa, a fuska da kunne da wuya. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya, asibiti ya kamata ya nufa tun abin bai yi nisa ba.