Sanskirit, Harshen da Aka Killace

Fiye da shekara 3,000 da suka wuce, a arewa maso yammacin Indiya, wajen kogunan Fanjab, aka tsara waƙoƙin sujada da ake kira Rigveda. Waƙoƙi 1,028 ne, an kasa su kashi 10, kuma su ne mafi tsufa cikin littattafan addinin Hindu. Harshen da aka tsara su da shi ana ce da shi Sanskirit, ma'anarsa kuwa gyararre, wato harshen da aka tace.

Littafi muka ce, amma ɗaruruwan shekaru ba a rubuce yake ba. Su Hindu suna kiran Veda da sunan shuruti, wato abin da aka ji, gama a bangaskiyarsu ba mutum ne ya ƙaga shi ba, masu hikima na dā ne suka ji shi. Sauran littattafai kuwa, irin na dokoki da na labarai, simiriti ne, abin da aka tuna. Yaro yakan zauna gaban malaminsa shekara da shekaru yana haddacewa. Yakan karanta baiti yadda yake, sa'an nan kalma ɗai ɗai, sa'an nan bibbiyu, har ya iya juya su gaba da baya, domin kada ko wasali ɗaya ya ɓace. Wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu wani masani mai suna Fanini ya tattara nahawun harshen cikin gajerun ƙa'idodi kusan 4,000. Duk wanda ya taɓa koya wa yara haddar aya guda ya san wannan himma ta isa yabo.

Amma shingen da ya tsare harshen shi ne ya tsare mutane a waje. An kasa jama'a aji 4: Birahmin, su ne firistoci, Kishatiriya, sarakuna da mayaƙa, Baishiya, 'yan kasuwa da manoma, sa'an nan Shudara, masu hidima. Ukun farko ne kaɗai aka yarda su koyi Veda. Wani tsohon littafin doka, na Gautama, har ya ce Shudaran da ya kasa kunne ga karatun Veda a zuba masa narkakken ƙarfe a kunne. Ko cikin wasannin kwaikwayo na Kalidasa, sarki da firist ne ke magana da Sanskirit, mata da barori kuwa da Firakirit, harshen gama-gari.

Mai karatu ya lura, manyan kalmomin addinin suna cikin wannan harshe ne. Darma ita ce wajibin da ke kan mutum bisa ga matsayinsa. Karma ita ce aiki da sakamakonsa, wanda ke bin mutum daga haihuwa zuwa wata haihuwa. Wannan kewayawa sunanta samsara, kuɓuta daga gare ta kuwa mokasha. To, talaka ana faɗa masa darmarsa hidima ce, amma ba shi da iko ya ji littafin da kunnensa.

Da kaɗan kaɗan shingen ya tsage. Buda ya yi wa'azi da harshen talakawa. A 1574 Tulsidas ya fara sake tsara labarin Rama da harshen Awadi, har manoma suka iya rera shi. A 1657 Dara Shiko, ɗan sarkin Musulmi Shah Jahan, ya sa aka juya littattafan Ufanishad zuwa Farisanci. Bature Charles Wilkins ya fitar da Bagabad Gita da Turanci a 1785, Max Muller kuma ya buga Rigveda a Ingila tsakanin 1849 da 1874.

Duk da haka, a farkon ƙarni na 20 an hana wani yaro mai suna Ambedkar koyon Sanskirit a makaranta, domin shi daga cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa ne, waɗanda ko aji na huɗu ba su kai ba. Sai ya ɗauki Farisanci. Ran 25 ga Disamba 1927, a garin Mahad, shi da mabiyansa suka ƙone littafin dokokin Manu a fili. Shi ne kuma ya shugabanci kwamitin da ya tsara tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda sashe na 17 nasa ya haramta ƙyamar taɓawa. A 1956, a Nagfur, ya bar addinin Hindu ya bi na Buda tare da dubban ɗaruruwan mutanensa.